Kalmar da Ilaitia ya kawo daga jirgi

Ilaitia bai wuce aji uku a makaranta ba. Duk Turancin da ke bakinsa a jirgin kamun kifi ya tsince shi, inda ya shekara goma sha ɗaya yana jan igiya a ƙarƙashin wani Baturen Ostireliya, Kyaftin Dowling, kafin ciwon baya ya maido shi ƙauyensu a tsibirin Kadavu. Ya san sunan kowace ƙugiya, ya san ashar iri-iri. Amma cikin kalmomin da ya dawo da su babu wadda yake so kamar "fishy". In kyaftin ya tsaya a goshin jirgi ya hangi tsuntsaye na shawagi, ruwa na tafarfasa, sai ya ja iska ya ce wurin nan fishy ne. Ranar kowa da fara'a yake komawa. Don haka a wurin Ilaitia ma'anarta ɗaya ce, wato alherin da ke kwance a ƙasa, wanda sai mai ido yake gani.

'Yarsa Torika ta yi karatun jinya a birnin Brisbane na Ostireliya, ta dawo da wanda za ta aura, Lachlan, wani malamin makaranta mai shiru-shiru, da mahaifiyarsa Noreen, mutuniyar wani gari da ke nesa da teku. Saura kwana biyu a ɗaura aure a coci aka shimfiɗa tabarmi da la'asar, aka kawo gwaza da kifi a madarar kwakwa, ƙoƙon kava, abin shansu na gargajiya da ake jiƙawa daga saiwa, yana zagayawa. Ilaitia ya gyara zama zai yi jawabi.

Taubashinsa Waisale ya zungure shi. "Kai dai yi da yarenmu yarinya ta fassara. Wannan Turancin naka ƙarni yake yi."

"Rufe mana baki. Kai da ko gaisuwa ba ka iya ba?"

Ya dafa kafaɗar Lachlan, ya ce da Turanci tun ranar da ya fara ganin yaron nan ya san fishy ne. Ya ga ba a tafa ba, ya zaci ba a ji ba, ya maimaita da ƙarfi. Ya kuma maimaitawa. Lachlan ya sunkuyar da kai. Noreen ta ajiye ƙoƙonta a hankali, ta tashi ta shige ɗakin da aka sauke ta.

A bayan madafa Torika ta tare shi, idonta ya yi ja.

"Baba, me ya yi maka?"

"Wa? Ai yabonsa na yi."

"A tudu ba yabo ba ce. Mutumin da ba a yarda da shi ba ake faɗa wa, mai ɓoye wani abu, wanda lamarinsa ke wari kamar kifin da ya kwana."

"To ki je ki gaya wa uwarsa abin da nake nufi."

"Na gaya mata. Ta ce kare ka nake yi, ai sau uku ka faɗa. Jirgin gobe da azahar za ta bi. Shi kuma ya ce ba zai tsaya a coci babu uwarsa ba."

Ilaitia ya gangara bakin ruwa ya zauna a gindin kwalekwalensa. Nan ya shiga tuno mutanen da ya taɓa yi wa wannan yabo. Akwai wani likita baƙo da ya ɗinke masa hannu. Akwai wani fasto da ya zo daga Sydney. Yanzu ya gane irin murmushin da suka yi masa. Shekara ashirin yana rabon zagi da zuciya ɗaya, ba wanda ya taɓa ja masa kunne.

Da sassafe ya ɗauki saiwar kava, ya durƙusa a ƙofar Noreen kamar yadda mai laifi ke yi. Ta dubi saiwar kamar itacen girki aka kawo mata. Bai ko gwada Turanci ba. Ya ce Torika ta roƙar masa sa'a ɗaya, Noreen ta shiga kwalekwale, in sun dawo da kansa zai kai mata jaka bakin jirgi.

Ta shiga, ta ƙanƙame gefen da hannu biyu, Torika ta zauna kusa da ita. Suka bi ta mashigar da ke tsakanin duwatsun murjani, ya kashe inji. Suka daɗe ba komai, har gumi ya fara tsattsafo masa. Can sai tsuntsaye suka taso daga gabas, suna faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Teku ta ɗauki tafasa, ƙananan kifaye na tsalle suna walƙiya, manya na bin su ta ƙasa.

"Gaya mata," in ji shi, idonsa a kan ƙafarsa, "wannan na ce ɗanta yake. A nan na koyi kalmar. Ban san tana da wata fuskar ba."

Noreen ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi magana, Torika ta danne dariya.

"Ta ce shekara talatin ba wanda ya lura ɗanta yana da wani abu a ƙasa. Ta ce kuma ranar biki, don Allah, ka yi da yarenka."

Jirgin azahar ya tashi babu ita. Ranar biki Ilaitia ya yi jawabinsa gajere, Torika na fassarawa, Waisale na tari da gangan daga bayan taro.

Har yau yana fita kamun kifi in ciwon bayan ya bar shi. In ya hangi tsuntsaye bakinsa yakan motsa, sai ya haɗiye, ya nuna da hannu kawai.