Ƙararrawar Resi

A kan dutsen nan na yankin Tirol yayana Hias ya tsufa. Da hunturu shi ke ɗora masu wasan zamiya kan ƙanƙara a kujerun igiya na kamfani, masu kai su saman dutse, in ƙanƙara ta narke kuma ya hau da shanun ƙauye kiwo. A al'adarmu, ranar da shanu za su sauko da kaka ana yi musu kambin furanni, amma sai in duk sun dawo da rai. Ko ɗaya ta mutu, ba ado, kowa ya gani ya sani.

Bana kamfanin ya buɗe hanyar kekuna, wai kada dutsen ya zauna banza in ba ƙanƙara. Wani mai keke ya firgita Resi, saniyar da Hias ya fi so, ta faɗa kwazazzabo ta mutu.

Abin da ke ci min rai, manajan kamfanin ɗana ne, Ferdl, wanda Hias ya koya wa tsayuwa a ƙanƙara.

Ferdl ya dage sai an yi ado duk da haka. "Haba Kawu, baƙi furanni suke zuwa gani. Wa ya ƙirga shanun?"

"Ni na ƙirga, ja'iri," in ji Hias.

Ferdl ya rantse ya haƙura da maganar ado. Ranar saukowa, Hias na can bayan garke, ma'aikatan Ferdl suka tare shanun gaba suka ɗaura musu furannin roba.

Ana tafi, ana ɗaukar hoto. Hias ya ratsa taron da ƙararrawar wuyan Resi, ya rataya wa Ferdl a wuya.

"To, yanzu shanun sun cika," ya ce.