Malama Rifkatu da daron magani

Malama Rifkatu ta rasu. Labarin ya same ni da safen nan ina cikin gugar yunifom, wana Yaya Bitrus ya shigo ya faɗa mini.

Ba na yawan rubutu a shafin nan. Ko a aji ma sai an kira sunana nake magana. Amma yau shiru ya gagare ni, domin ina baƙin ciki, kuma ina jin tsoro saboda Mamana.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce malamar ajin 'yan mata a cocinmu na Samaru, tana kuma sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ita ta fara sa ni karanta nassi a gaban jama'a. Da muryata ta kama rawa, sai ta zo ta tsaya a bayana, ta dafa kafaɗata har na kai ƙarshe.

Ranar wata jarrabawa ta aiko mini da biro da ƙosai a leda ɗaya. Da biro mai maiƙo na yi rubutu ranar.

Wata Lahadi aka tambaye ta yadda mutum zai gane muryar Allah. Ta ce, "'Yan mata, in wani ya ce Allah ya ba shi saƙonku, ku saurare shi da ladabi, amma ku koma ku yi addu'a da kanku. Allah ya san hanyar gidanku, bai taɓa ɓata ba."

Shi ya sa na kasa gane abin da ya biyo baya.

Malama tana da hawan jini, kowa ya sani. Bayan rasuwar mijinta ciwon ya matsa mata, ta gaji da shan magani. Sai ta fara zuwa wani ɗakin addu'a a Muchia, wurin wani mutum da ake kira Mai Wahayi. A gaban ɗakin akwai wani babban daro. Duk wanda Mai Wahayi ya ce masa Allah ya warkar da shi, sai ya fito ya juye maganinsa a ciki, ana tafi ana guɗa. Wai shaidar bangaskiya ke nan. Malama ta juye nata.

Ganina da ita na ƙarshe a shagonta ne, da Mama ta aike ni. Na same ta tana dafe da ƙeya, idonta ya yi ja.

Na ce, "Malama, jikin ne?"

Ta ce, "Hannatu, ai na warke. An nuna wa bawan Allah. Wannan gwaji ne kawai."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Ke fa, an nuna miki?"

Ta yi murmushi. "Ke da ba a jin bakinki, yau ni kika samu?" Ta saya mini kunun aya, ta ce in gai da Mama.

Ɗazu a gidan makoki Mai Wahayi ya zo cikin fararen kaya, aka ba shi kujera. Ina zaune bakin ƙofa na ji ya ce, "Ubangiji ya riga ya nuna mini ranarta ta yi. Na yi shiru ne don kada a firgita."

Shi ne ya ce ta warke. Shi ne kuma yau ya ce an nuna masa mutuwarta. To wanne ne Allah ya faɗa? In kuma da gaske ya gani, don me ya zuba ido ta juye maganinta?

Baba Ishaya, dattijon cocinmu, ya ce, "Tun kafin a haife ta aka rubuta ranarta. Da magani ko babu, ba za ta wuce ba."

Yaya Bitrus ya ce, "To Baba, me ya sa kake duba hagu da dama kafin ka tsallaka titin Samaru?"

"Kai yaro, jami'a ta lalata ka."

"Baba, wanda ya rubuta ranar, ba shi ya ba likita basira ba?"

Mata suka ce su bari, nan gidan makoki ne. Mai Wahayi dai yana ta duba wayarsa.

Ni ban iya irin wannan muhawara ba. Na gaskata ran kowa a hannun Allah yake. Amma yadda ake ta maimaita "nufin Allah ne" yau, ji nake kamar zane ake so a lulluɓe daron nan da shi.

Mamana tana da ciwon suga. Malama ce ta fara kai ta Muchia, kuma Mai Wahayi ya ce mata ranar Juma'a mai zuwa ta kawo maganinta ta juye a daron.

Da muka dawo gida na ɗauko maganin da kofin ruwa, na durƙusa a gabanta. Na ce, "Mama, Allah ya san hanyar gidanmu. In yana so ki daina, ke zai faɗa wa."

Ta ce, "Maganar Rifkatu ce wannan." Ta karɓa ta sha.

Game da Juma'a ba ta ce komai ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Rifkatu cikin hutunka, ka ta'azantar da 'ya'yanta. Ka koya mana bambanta muryarka da ta masu aron sunanka.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi wa iyalinta addu'a. Ku sa Mamana a ciki, daga yau har Juma'a.