Ƙasar Ɗakin Inna

Ina aji uku a firamare ruwan kwana biyu ya kayar da ɗakin kakarmu Inna a Gagarawa. Allah ya tsare, tana madafa lokacin. Baba ya shirya da mai amalanke ya zo da safe ya kwashe ɓaraguzan zuwa kududdufi, a sayo bulo.

Bayan magariba Inna ta hura wuta a rumfa tana gasa masara. Muka zagaye ta muna ture juna, don masararta ba ta zuwa sai da tatsuniya. Baba yana gefe da rediyonsa.

"Ga wata nan ta iso, ku matso," in ji ta, da murya sama da ta kullum.

Wai zanzaro biyu ne ruwa ya rushe wa gida. Ɗaya ya ce ya gaji da tsohon abu, ya tashi har bakin tafki ya ɗebo sabuwar laka. Ya gina, rana ta buɗe, gini ya tsage, 'ya'yansa suka zubo tim! Inna har da kifewa gefe, mu kuwa dariya har da hawaye. Ɗayan ya tattara gutsattsarin tsohon gidansa, ya jiƙa da yawu, ya sake murzawa. Nasa ya tsaya daram.

"Inna, me ya sa?" na tambaya.

"Ke 'yar boko, wannan ma sai an rubuta miki? Tsohuwar ƙasa ta sha cuɗa, ta sha ramnon ciyawa, ta riga ta koyi tsayuwa. Wanda bai sani ba ne ke kai ta kududdufi."

Baba ya rage rediyo. "Inna, da zanzaro kike ko da ni?"

"Da yara nake, Malam. Ji labaranka."

Washegari mai amalanke ya zo, amma ruwa ya kawo a jarkoki! Aka farfasa ɓaraguzan, aka jiƙa kwana uku, muka shiga da ƙafa muna tattakawa muna ihu, har aka mulmula tubali. Tsofaffin azara ma aka mayar da su.

Bara a Gumel na ga matasa suna niƙa fasassun bulo da inji, suna buga sabo. Murna ta sa na ba Baba labari a waya. Sai ya gaya mini abin da Inna ba ta taɓa faɗa ba: mijinta, kakan da ban riska ba, shi ya tattaka ƙasar wancan ɗakin da ƙafarsa shekarar aurensu. Na daɗe ina zaton dabarar gini ta koya mana. Ashe sawun mijinta ta hana a zubar.