Yaron Da Ba Ya Cikin Lista

A zamanin Shugaba Ahidjo aka kawo mana tsarin rabon nivakin, maganin zazzaɓin sauro, a unguwarmu ta Briqueterie. Kowane yaro ƙwaya ɗaya duk mako, wai kada sauro ya ƙarar da mu, don mu da kwata maƙwabta ne. Lokacin ina da yara biyu: ɗan farina mai shekara huɗu, da jaririya a baya. Mijina mai soya ne, wato tsire, a bakin titi.

Wanda aka turo ya rubuta sunaye wani saurayi ne ɗan kudu mai farar riga, da tafintansa Bafulatani mai Hausar kasuwa. Suka same ni a tsakar gida, surukata na zaune kan tabarma tana tsince shinkafa. Tafinta ya ce, "Madam, yaranki nawa? Faɗi sunansu."

To, a wurinmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ƙirga shi, balle a gaban uwar miji. A ɗakin kakarsa ma yake kwana. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan jaririya, ina jiran Inna, surukar tawa, ta ƙarasa. Ita kuwa kunnenta ya yi nauyi, ba ta ma san me ake yi ba. Yaron yana tsaye a gabansu yana tsotsar mangwaro! Mai farar riga har kansa ya shafa, amma bai tambayi ɗan waye ba. Ya miƙo mini karne ɗaya, wato katin karɓar magani, suka wuce gida na gaba.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Ranar karɓa a dispansar muka tarar matan layinmu da yawa haka suka yi. Na yi ta maza na je wurin mai rabon na ce akwai wani yaro a gidanmu. Ya ce lista ta riga ta tafi ma'aikata, an buga mata hatimi, ƙwaya a ƙirge take zuwa. Sau uku ina komawa. A na ukun ya ce in jira shekara mai zuwa, kamar zazzaɓi ma jiran hatimi yake yi.

Na ce wa mijina ya sayo a kasuwar Mokolo. Ya ce abin da gwamnati ke rabawa kyauta ba zai saya ba, yaron ai garau yake. Na so in riƙa raba ta jaririya biyu, sai dai a gaban masu rabon ake murƙushe ta a ba yaro da cokali, don kada mu sayar. Nan kam wayonsu ya kai.

Da ruwa ya sauka sosai jikin ɗan nawa ya yi zafi. Kwana biyu Inna tana jiƙa masa ganye, ni ina leƙe daga bakin ƙofa, kunya ta hana ni shiga in ɗauke shi. Wace irin kunya, don Allah? A rana ta uku ya fara fizge-fizge. Sai a sannan uban ya fita a guje neman magani da mota. Kafin la'asar an kai yaron makwanci.

Bayan wasu watanni masu dubawa suka zo, mota biyu, maza cikin kwat suna tsallake taɓo suna toshe hanci. Mai unguwa ya sa an share layi tun asuba. Tafintansu ya yi mana bayani: an kashe kuɗi masu yawa, an zo a ga ko sun yi aiki. Yadda za a gani kuwa shi ne a kira sunan da ke lista, a ga yaron da ido, a yi alama. Kai, wannan ilimi! Mutane sun ƙetare teku sun yi karatu don su zo su ƙirga waɗanda su da kansu suka zaɓa.

Aka kira jaririyata, na ɗaga ta. Babbansu ya ja kumatunta ya yaba da Faransanci, ya ce, "Très bien." Tafinta ya ce, "An yi rashin yaro a gidan nan, madam?"

Na ce an yi. Inna tana bayana, mijina yana gefe, maƙwabta sun cika ƙofa. Tafinta ya ce in faɗi suna. Na buɗe baki na faɗi sunan ɗana, da ƙarfi. Tun da na haife shi ban taɓa kiransa ba sai ran nan.

Babban ya bi lista da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya shafi, ya sake bi. Ya yi wa tafinta magana a hankali. Tafinta ya kasa kallona, ya ce, "Wai wannan ba na tsarin ba ne, ba za a rubuta ba. A gidanku ba wanda ya mutu."

Sai suka yi alama a gaban sunan gidanmu, suka ce yana cikin gidajen da suka fi kula da yara, suka ba ni sabulu sanda ɗaya.