Filin Jirgin Kaka a Cikin Kwamfuta

Duk sanda na bi ta wajen masu raguna a unguwar New Bell, nan Duwala, na ji ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yanka bayan ruwa, sai zuciyata ta koma wani fili da yanzu babu shi. Ƙaramin filin jirgi ne a bayan gari, kusa da gonakin ayaba. Ba kwalta, ba katanga. Ciyawa ce shimfiɗe, da rumfar kwano guda, da wani dogon buhu a kan sanda mai nuna inda iska ta dosa. Ƙananan jiragen da ke yi wa ayaba feshi ne ke sauka can, sai na wasu masu hali da ke tashi don nishaɗi ranar Lahadi.

Kakana ne mai yankan ciyawar filin. Kun san daminar Duwala, abin da ka yanke yau jibi ya ɗago kai. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma ciyawar tasa ce, yana kai wa masu raguna. Shi yana sara da adda, ni ina bin sa ina ɗaurewa. Cinnaku su cije ni, hannuwana su yi ta ƙaiƙayi. Boko kuwa tun da wuri muka rabu da ita.

Akwai taubashina, ɗan gwaggona, sa'ana ne. Shi makarantar Faransanci yake, sai an yi hutu yake biyo mu, da farar safa. Ba ya taɓa ciyawa. Yana zaune a rumfa yana damun makanikai da tambaya. Ina ce masa Musye, yana ce mini Mai Ciyawa.

Sai shekarun nan suka zo da kowa ke cewa lakiris, wato matsin tattalin arziki. Aka yanke albashi, kuɗi ya rasa daraja, jirage suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ana gab da Babbar Sallah wani matuƙi, wanda zai sayar da jirginsa, ya ce wa Kaka kujera ɗaya ce, ya ba shi jika guda ya zaga da shi. Kaka ya dube ni, ya dubi taubashina, ya nuna shi da baki. Ina tsaye da igiya a hannu jirgin ya bi ta kaina. Da suka sauko ya zo da gudu yana dariya.

"Mai Ciyawa, na hango ka! Kamar kaska a bayan saniya."

Ba a daɗe ba aka rufe filin, aka yanka shi fuloti. Kaka ya dawo zaman gida, yana wasa addar da ba ta da aiki, har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya rage mini shi ne labarin. Duk suna ko biki, yara wurina suke taruwa. Ni ke faɗin yadda ƙasa ke rawa in jirgi zai tashi. Ba zan ɓoye muku ba, nakan ƙara gishiri, kuma in yaro ya ɗauka ni ma na taɓa hawa, ba na gyara masa. A kasuwar Dakar ta nan Duwala ni mai albasa ne kawai, amma a cikin dangi ni ne mai filin Kaka.

Bara taubashina, wanda yanzu yake ofis a tashar jiragen ruwa, ya gina filin a cikin kwamfuta. Wai akwai wani wasa da ake koyon tuƙin jirgi, mutum yana iya sa nasa filin a ciki. Ya tattaro tsofaffin hotuna, ya auna da taswira, ya dasa itatuwa ɗaya ɗaya, har tsatsar kwanon rumfa ya zana. 'Ya'yana suka koma gidansa a unguwar Kotto duk Lahadi, tonton suke ce masa, wato baffa. Ƙaramin ya dawo yana ce mini, "Baba, a wurin tonton rumfar ba ta kai yadda kake faɗa ba." Ranar ban ci tuwo ba.

Taubashin nawa ya kira ni a waya. "Mai Ciyawa, hotunan nan duk jirage suka ɗauka. Ina Kaka yake tara ciyawa? Ina yake salla?"

Na ce na manta. Allah ya yafe mini, ko da ido rufe zan kai mutum wurin.

Gwaggo ce ta aiko a kira ni, ita kuwa ba a ƙi mata. Na tarar da ita a gidansa, gaban allon kwamfutar, ta tsufa, tana share hawaye da bakin mayafi tana sa wa ɗanta albarka. Filin kuwa ga shi nan, kore shar, buhun yana kaɗawa. Taubashina ya miƙo mini sandar tuƙi.

"Zauna, mon frère, ɗan'uwana, yau kai za ka tashi."

"Riƙe abinka, Musye. Ka hau na gaske, bai ishe ka ba, sai ka haɗa da labarin?"

Sai Gwaggo ta fashe da dariya har tana tari.

"Kai, ɗan nan! Da furfurarka kana nan a wurin? Ni na tambayi Baba a daren ranar da aka hau jirgin. Cewa ya yi masu raguna na jira, Sallah ta matso, in ya ba da kai wa zai ɗaure masa? Wannan nawa kuwa ko tsinke ba ya ɗagawa, gara a tafi da shi sama a huta da surutunsa."

Yara suka yi ta dariya, shi ma ya yi. Na matsa na ɗora yatsa a kan allon: nan ne tarin ciyawa, bayan rumfa ta gabas, nan kuma gindin mangwaro inda Kaka yake shimfiɗa buzu. Ya sa su a take.

Maganar Gwaggo ta yi mini daɗi kwana ɗaya. Washegari ina juya albasa na sake tauna ta. Yabo ne, na sani. Amma wanda aka yaba shi aka bari a ƙasa, kuma har yau haka rabonmu yake tafiya, ni da shi.

Yanzu inda filin yake gidaje ne da shagunan caji, ba mai sanin jirgi ya taɓa sauka. Yaran sun daina tambayata yadda yake, suna da inda za su gani da idonsu. Ina roƙon Allah ya wanke mini zuciya, don mutumin nan bai cuce ni da komai ba. Amma har yanzu ban taɓa sandar ba. Duk Lahadi ƙaramina yakan ce, "Baba, zo mu je ka tashi." Sai in ce masa ina da aiki. Kuma ba ƙarya nake ba, ina da shi.