Awon Rumbun Baba

Jiya na tarar da ɗiyata tana lissafin ruwan da gwangwani zai ci, sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Shi da igiya yake awon rumbu: ya zagaye rumbun da ita, ya zura kara ya ji zurfin gero.

Bayan girbin 1998 na je ƙauyenmu Karakkai daga Gusau, na kama masa bakin igiyar. Rana na dukanmu, amma hannunsa sanyi ƙalau.

Ya ce, "Zai kai mutum tara baɗi."

Na ce, "Baba, ai ku goma ne a gidan."

Ya naɗe igiyar a hankali. "Na ƙidaya daidai."

Lafiyarsa lau ranar. Kwana huɗu tsakani muka kai shi makwancinsa.

Allah Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka masa.