Sawun Gudumar Baba

Duk wanda ya tono tsohuwar uwar maƙera a rumbun kakansa a tsaunukan gabashin Tennessee, magana ɗaya zai ji: kai wa Lorene Buckalew ta duba. In uwar maƙerar ta fi ƙarfin ɗauka, a buga wa Lorene waya, za ta zo da tsohuwar a-kori-kurarta mai tari. Shekararta sittin da takwas, gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga ta da baki. Bakin nan kuwa ba shi da birki.

Kayan aikinta ba su cika aljihu ba: burushin waya, ɗan garin alkama a leda, tsumma mai maiƙo, sai 'yar ƙwallon ƙarfe da ta ciro daga boris ɗin inji. Za ta tsuguna ta goge tsatsa, ta shafa garin a gefe har tsohon tambari ya fito fari, ta dubi ƙugu da ƙaho da ƙafafu, ta faɗa maka ko a Ingila aka ƙera ta ko a nan gida. Daga nan sai ta ɗaga ƙwallon taƙi guda, ta sake ta a kan fuskar. In ta yi tsalle ta dawo kusa da yatsunta, uwar maƙerar tana da rai. In ta faɗi dif kamar a kan laka, to, sai dai a tokare ƙofa da ita.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jikin irin waɗannan tsofaffin ƙarfe ne mai laushi, sai aka manna masa wani faranti mai tauri a sama, kaurinsa bai fi yatsa ba. Farantin nan shi ke maido wa maƙeri gudumarsa bayan kowane bugu. Shekaru kan sa fuskar ta ɗan lotsa a tsakiya, sabon shiga kuma da ya ga haka sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi, ya ɗauko injin gurza wai zai daidaita ta. A nan Lorene ke tashi. A taron maƙera na wata-wata ba wanda bai sha wa'azinta ba.

"Goge da burushi, shafa mai, yi aiki a kanta. Shi ke nan. Kakarka ma fuskarta ta yamutse, ka kai ta an gurje?"

Sai a yi dariya, wanda aka yi dominsa ya sunkuyar da kai. An daɗe ana cewa zafinta a kan wannan magana ya yi yawa, amma ba wanda ya san mafarinsa.

Mahaifinta, Hershel Buckalew, shi ke yi wa alfadaran manoman taba takalmin ƙarfe a kwarinsu. A gindin uwar maƙerarsa Lorene ta tashi. Tana da shekara ashirin da huɗu ta sami aiki a wata ma'aikatar fiƙe ƙarfe a cikin gari, ta koyi injina, kanta ya ɗan kumbura. Wata ranar Lahadi, tsohon yana coci, ta sa aka ɗora mata uwar maƙerar a mota. Kwana biyu ta dawo da ita fuska a shimfiɗe, tana walƙiya. Kyauta ce ta ranar haihuwarsa.

Hershel ya shafa ta da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Ya ɗauki guduma ya ɗan taɓa sau ɗaya. Sannan ya ce, "Sumul, 'yata. Kin yi aiki. Na gode."

Shekara uku ya ƙara yana ƙira a kanta kafin kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa, ya rufe maƙerar. Da ya rasu, yayanta Hoyt ya yi gwanjon kayan gona gaba ɗaya, uwar maƙerar ta bi wani baƙo. Sai bayan haka Lorene ta koyi abin da take koya wa mutane yanzu, ta gane cewa ta cinye farantin nan kusan duka, kuma tsohon ya sani tun daga bugun farko. Kusan shekara arba'in tana ɗauke da wannan, ko Hoyt ba ta faɗa wa ba. Kunya take ji, da baƙin cikin da ba wanda za ta roƙa ya yafe.

Wata Asabar da kaka, Delmar Pruitt ya kira ta. Tsohon direban motar 'yan makaranta ne, ya yi ritaya ya faɗa ƙira don kada zama ya kashe shi. Ya samo wata uwar maƙera a gwanjo can ƙetaren iyakar Kentucky, yana so ta gani. Ta iske shi a rumfar bayan gida da kofin gahawa a hannu, matarsa ta aiko da burodin masara a faranti.

"Inna Lorene, sannu da hanya. Motar nan taki tun daga gada nake jin tarinta."

"Ta girme ka kuma ta fi ka lafiya. Ina abin?"

Ya yaye buhu. Tsatsa ta rufe ta, fuskar duk ramuka ƙanana kamar an yi mata ruwan ƙanƙara. Lorene ta tsuguna kamar kullum, ta sa burushi a ƙarƙashin ƙaho. Goga uku, sai hannunta ya tsaya. Huji uku ne a jere, ƙanana, na ƙarshen ya ɗan karkace. Hershel kan sa matsoni, ƙarfen huda, ya buga ɗaya duk ranar da aka yi masa haihuwa. Na farko Hoyt, na biyu wata jaririya da ba ta yi kwana bakwai a duniya ba, na ukun ita.

"Yaya dai, Inna? Kin ga tambarin?"

"Ta Ingila ce," ta ce, muryarta ba daɗi. "Matsa daga haske."

Ta miƙe, ta ciro ƙwallon. Ta san abin da zai faru, amma aiki aiki ne. Ta sake ta. Dif. Ko yatsa biyu ba ta tashi ba, ta gangara a hankali zuwa gefen dama, ta zauna a wani lotsi mai faɗin tafin hannu.

Lorene ta tsaya tana kallon wurin. Salon bugun mahaifinta ya dawo mata: biyu a kan jan ƙarfe, ɗaya mara ƙarfi a gefe don hannu ya huta. Shekara talatin yana yin haka a kan faranti mai tauri, ko alama bai bari ba, guduma na dawo masa da kanta. Da ta mayar da fuskar laushi, kowane bugu ya zauna inda ya sauka. Ramukan nan duka nasa ne. Kuma kowane ɗaya, da ƙarfin kafaɗarsa ya ɗago gudumar daga ciki.

"Ta mutu, ko?" in ji Delmar.

"Ta mutu."

"Haka na zata. To, madalla, kin sauƙaƙa mini. Na riga na yi magana da mai walda, jibi zai cike ramukan nan ya gurje fuskar. Da mai rai ce da ban isa ba, na san za ki cinye ni ɗanye. Amma matacciya ai ke da kanki kin ce ba laifi."

Gaskiyarsa. Ta faɗi haka a gaban jama'a ya fi sau ɗari. Ba ta da wata hujja ta sana'a da za ta hana shi, kuma ƙarya a kan ƙarfe ba ta taɓa yi ba. In ta yi shiru, jibi war haka fuskar za ta koma sumul karo na biyu, babu sauran sawun tsohon a duniya. In ta yi magana, kafin taron wata mai zuwa kowa ya ji.

Delmar ya kurɓi gahawa, ya shafa gefen da babban yatsa. "Dubi nan, Inna, farantin saura kamar takarda. Inji aka sa mata. Ni dai ina so in ga jakin da ya yi wannan aika-aikar."

"Ga ta a gabanka."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, dariyar ta maƙale.

"Ni ce, Delmar. Ta babana ce. Ni na kai ta inji da hannuna, na dawo masa da ita ina jiran yabo. Ya kuwa yaba." Ta nuna masa hujin uku, ta nuna lotsin, ta faɗa masa yadda kafaɗar ta ƙare. Ba ta rage komai ba, ba ta kuma nemi ya rufa mata asiri ba. "Taka ce, ba ni da iko da ita. Amma ina roƙon ka, ɗan nan, kada ka bari a taɓa fuskar."

Delmar ya ajiye kofin a kan kututture. Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar. Bai taɓa jin Lorene Buckalew ta roƙi kowa komai ba, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Bai taɓa faɗa miki ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko a fuska."

Ya dubi uwar maƙerar. Can ya ce, "Inna, ki juyo da motar nan baya. Ni dama bayana ba ya son matacciyar uwar maƙera. Zan kira maƙwabcina mu ɗora miki."

Ya tafi neman maƙwabcin, ya kuma daɗe fiye da yadda tafiyar ke bukata. Lorene ta jawo bokiti ta kife, ta zauna. Ta ciro ƙwallon daga lotsin ta mayar aljihu, ta ɗauko tsumman mai. Ba ta shafa shi gaba ɗaya yadda take koya wa mutane ba. Ta naɗe shi a yatsa, ta fara daga gefen dama, tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Da mutanen biyu suka iso, ko rabi ba ta kai ba, ta ce musu su nemi wuri su zauna.